Tare naushi da ramawa: yadda nake koya wa yara a Damagaram

Duk yaron da ya zo wurina karon farko, ƙafa yake so. Tun da Abdul Razak Isufu Alfaga ya ciyo wa Nijar lambar azurfa ta taikwando a wasannin Olamfik na Riyo a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a Muju ta Koriya ta Kudu a 2017, da wuya ka ga yaron da ba ya mafarkin ɗaga ƙafa ta tsallake kan abokinsa. Ban ga laifinsu ba, ni ma na yi murna da shi matuƙa. Amma nakan tuna musu cewa lambar Olamfik ta farko da ta shigo ƙasar nan, hannu ne ya kawo ta: tagullar da Isaka Dabore ya samu a damben zamani a Munik, a 1972. Kuma in rigima ta tarar da kai a wani lungun Birni, inda in ka buɗe hannuwa za ka taɓa bango da bango, ina filin ɗaga ƙafa? Hannunka ne zai fara isa tsakanin fuskarka da abin da ke zuwa.

Sana'ata walda, ina haɗa ƙofofi da tagogin ƙarfe a Sabon Gari. Bayan la'asar kuma ina tara yara da samari a farfajiyar wata makarantar boko, muna karate irin ta Shotokan a kan rairayi. Kafin in san karate, dambe na sani, domin kawuna mahauci ne, kuma da kaka in an kaɗa kalangu ba ya iya zama. Abin da zan faɗa maka a nan daga wurare biyun na samo shi, kuma magana ɗaya ce: tarewa da ramawa aiki ɗaya ne, a numfashi ɗaya ake yin su. Wanda ya tare ya tsaya, ya ba abokin karawarsa damar sake shiri ke nan.

Ina ɗan shekara goma sha biyu nake riƙe wa Kawu bakin zare in yana naɗe hannun dama. Ni hankalina duk a kan wannan hannun yake, wanda ake kira mashi. Wata rana ya lura, sai ya miƙo mini hagunsa a buɗe ya ce, "Kai yaro, wannan za ka kalla. Garkuwa ita ke nemo wa mashi ƙofa." Da ita yake auna tazara, da ita yake rufe wa mutum ido, da ita yake kwaɓe hannun da ya zo. Shekaru bayan nan, malaminmu na karate, wanda muke ce wa Metir, ya gaya mana cewa kalmar uke da Japanawa ke kiran tarewa da ita, asalinta daga karɓa ne. Sai na tuna magini a bisa gini ana jefa masa tubali daga ƙasa. Ba ya sandare hannu tubalin ya buge shi. Yakan bi shi kaɗan, ya karkatar da shi inda yake so. Haka ake karɓar naushi.

Fara da tsayuwa, don hannu ba ya aiki in ƙafa ta harɗe. Ƙafar hagu gaba, ta dama baya, tsakaninsu faɗin kafaɗunka. Sassauta gwiwoyi. Sauke haɓa kaɗan, rufe baki, harshe a bayan haƙora. Gwiwar hannu kusa da haƙarƙari, kada ta buɗe kamar fiffiken kaza. Idonka a kan ƙirjin mutum da kafaɗunsa. Mai bin hannu da ido shi ake ruɗa, amma kafaɗa ba ta ƙarya, kafin naushi ya fito sai ta motsa.

Yanzu taɓa hannunka tsakanin gwiwa da wuyan hannu. Ƙasusuwa biyu ne a ciki, ɗaya ta gefen babban yatsa, ɗaya ta gefen ƙaramin yatsa. Na gefen ƙaramin yatsa a ƙarƙashin fata yake, babu tsokar da ta lulluɓe shi, kana iya bin sa da yatsa tun daga gwiwar hannu har ƙasa. In ka ajiye shi cak a gaban bugu mai ƙarfi, duk nauyin a wuri ɗaya zai sauka, kuma yana iya tsagewa. Shi ya sa kowace tarewa a karate take ƙarewa da murɗa hannu. Murɗawar tana sa bugun ya zame a jikin hannunka, yadda guduma ke gocewa in ta faɗa wa bututun da ke mirginawa. Riƙe wannan, don duk abin da ke tafe a kansa aka ɗora shi.

Tarewar da na fi daɗewa a kanta da yara ita ce soto uke, mai tasowa daga waje zuwa ciki. A ce abokinka ya kawo naushin dama miƙe zuwa ƙirjinka. In ƙafafunka a jere suke, ja ƙafar dama baya, hagu ta zama gaba. A lokaci guda ɗaga dunƙulen hagu kusa da kunnenka na hagu, sannan ka zagayo da shi ta gabanka zuwa tsakiyar jiki. Ya same shi a bayan hannunsa, tsakanin wuyan hannu da gwiwa. Daidai lokacin haɗuwa murɗa, tafinka ya juyo yana kallon fuskarka. In ka gama, dunƙulenka yana daidai da kafaɗa, gwiwar hannu a lanƙwashe kamar kusurwar taga, tsakaninta da cikinka bai wuce faɗin dunƙule ɗaya ko ɗaya da rabi ba.

Ƙarfin kuwa daga ƙugu yake zuwa. Lokacin tarewa juya ƙugu da ƙirji su kalli gefe, rabin juyi, kamar ƙyauren da aka buɗe rabi. Wannan juyin amfaninsa biyu: ya janye ƙirjinka daga hanyar naushin ko da hannunka ya makara, ya kuma ja kafaɗar dama baya kamar an ɗana baka. To, ramuwarka tana nan a ɗane. Rufe ƙyauren kawai: tura ƙasa da ƙafar baya, maido ƙugu ya fuskanci gaba, dunƙulen dama ya fita miƙe zuwa haƙarƙarinsa, hagun da ya tare kuma ya dawo baya da sauri. Wannan naushin shi ake kira gyaku zuki, jan ɗayan hannun kuma hikite. A horon farko har ƙugu muke jan sa don jiki ya koyi juyi, amma in ana karawa sosai, gefen haɓa nake son ya koma.

Dalilin da ya sa nake ƙaunar wannan tarewar shi ne inda take barin ka. Ka ture hannunsa na dama ya gicciye gabansa, kai kana wajensa. Hagunsa yana can nesa, sai ya juyo da jikinsa duka kafin ya same ka da shi. Haƙarƙarinsa na dama kuwa a buɗe, kuma a nan hanta take. Saboda haka a horo taɓa riga kawai ake yi, ba a nutsa hannu.

Kurakurai uku nake gani kullum. Akwai mai kore hannun har can nesa, ya wuce jikinsa da kamu guda, alhali abin da ake bukata naushin ya goce faɗin tafi, ya wuce ta gefen kafaɗa. Duk abin da ya ƙaru a kan haka ƙofa ka buɗe. Akwai mai miƙa hannu ya taryo naushin tun yana nesa, wanda in aka yi masa ƙaryar kawowa sai fuskarsa ta zauna tsirara. Na ukun shi ne mafi muni, kuma da jinina na koye shi. Ina da baƙin ɗamara sabo, muna karawa da wani ɗan'uwa a gaban Metir. Ya kawo dama, na tare ta tsaf, har na ji daɗin yadda ta fita. Wannan ɗan jin daɗin bai kai ƙiftawar ido ba, amma a cikinsa ya juyo, hagunsa ta sauka a leɓena, sai da aka yi mini ɗinki. Metir bai yi faɗa ba. Ya miƙo mini tsumma ya ce, "Ɗana, ka buɗe ƙofa ka tsaya a bakinta. In ba ka shiga ba, shi zai fito." A shagona ma haka ne, da zafi-zafi ake bugun ƙarfe, in ya huce sai a sake hura wuta.

Tun daga ranar ba na ƙirga wa yara "ɗaya" a tarewa, "biyu" a ramuwa. Ƙirga ɗaya nake yi, su yi duka biyun, numfashi ya fita sau ɗaya a ƙarshe. Ko a kata, wato jerin motsin da mutum ke haddacewa ya yi shi kaɗai, haka abin yake. Heyan Shodan, ta farko cikin Heyan biyar da mai farin ɗamara ke farawa da su, da tarewar ƙasa take buɗewa, naushi ya biyo ta nan take. Duka biyar ɗin da tarewa suke farawa. Gicin Funakoshi, mutumin Okinawa da ya kai karate Tokiyo a 1922, ya koyar da cewa mai karate ba ya fara kai hari. Wasu sun ɗauka wannan na nufin ka tsaya a yi ta dukanka. Ba haka ba ne. Ba kai ke tono ba, amma in an kawo, amsarka a shirye take.

Uci uke kishiyar soto uke ce. Dunƙulen hagu ya taso daga ƙarƙashin hammatar dama, ya share zuwa waje, ya sami hannunsa ta ciki. Tana da sauri, amma tana barin ka a tsakiyar hannuwansa biyu, hagunsa na kallon ka. Don haka ramuwarta ba ta jira ko kaɗan, kuma kanka ya ɗan kauce daga inda yake. Gedan barai, mai share ƙasa, daga kunnen dama hagun ke saukowa, ya tsaya faɗin dunƙule a sama da gwiwar gaba. Da ita ake kawar da naushin ciki da shurin da ya zo miƙe. A nan kashedi biyu ne: kada ka buɗe yatsu, kuma kada ka yi karo da ƙwauri gaba da gaba, ƙwauri ya fi hannunka ƙarfi nesa ba kusa ba. Goce gefe, ka share ƙafar ta gefenta.

Age uke ta fuska ce. Hannu ya tashi ta gaban ƙirji, ya wuce gaban fuska, ya tsaya faɗin dunƙule a gaban goshi, ɗan sama da shi, tafi na kallon waje. Dunƙule ya fi gwiwar hannu tsawo, hannun ya yi gangare kamar rufin kwano, don abin da ya faɗo ya zame. In ka shimfiɗa shi a kwance, ka yi wa bugun matashi. In ka kai shi can bisa kai, ka bar haɓa a buɗe. Kuma ta ƙarƙashin hannunka za ka riƙa kallon mutum, kada ka runtse ido.

To, bari in faɗa maka gaskiyar da ba kowane malami ke faɗa ba. Naushin da za ka fi gamuwa da shi a waje, a tashar mota ko a bakin famfo lokacin da ruwa ya yi wuya rai ya ɓaci, ba miƙaƙƙe ba ne irin na horo. Wawan naushi ne da ake ɗebowa daga baya, ya zagayo ta gefe zuwa kunne, ko kuwa mari. Age uke ba ta kama shi da kyau, don ta gefenta yake lanƙwasowa. Ga abin da nake koyarwa. Ɗaga hagu ka dafa ƙeyarka ta bayan kunne, kamar mai gyara hula, gwiwar hannu na kallon gaba, hannun a manne da kai, haɓa a cikin kafaɗa. Sannan ka shiga, taki ɗaya gaba. Na san jiki ba ya so, ja da baya yake nema. Amma ƙarfin irin wannan naushin a bakin dunƙule yake, kamar majaujawa. In kana kusa da kafaɗarsa, damtsensa ne kawai zai same ka. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, gaskiya ne, kuma da miƙaƙƙen naushi yana aiki, amma da mai zagayowa rabin ja da baya shi ke ajiye kunnenka daidai inda dunƙulen zai sauka.

Kana shiga, damanka na tafiya tare da kai. Buɗe tafi, ka tura da gindinsa a ƙirjinsa ko kafaɗarsa, da nauyin jikinka duka. Mutum yana kan juyi, ƙafarsa ba ta kafu ba, zai tafi baya, kai kuma ka samu hanyar ficewa. Na fi son wannan a kan naushin fuska, saboda dalili biyu. Na farko hannunka: kan mutum ƙashi ne mai tauri, kuma in dunƙule ya sauka ta gefen ƙaramin yatsa, ƙashin bayan hannu da ke riƙe da wannan yatsan yana karyewa cikin sauƙi. Na biyu ya fi nauyi. Wanda aka buga a haɓa ya suma a tsaye, ba ya kare kansa in zai faɗi, ƙeyarsa ce ke dukan ƙasa, kuma garin nan duwatsu ne da kwalta. An yi asarar rayuka ta haka a kan maganar da ba ta kai ta kawo ba. Ba na so ɗalibina ya kwana da wannan a wuyansa.

In kuwa dole sai an dunƙule, naɗe yatsu huɗu tam, babban yatsa ya kwanta a kan manuniya da na tsakiya ta waje, kada ya shiga ciki. Da gaɓoɓin waɗannan yatsu biyu ake bugu, wuyan hannu a miƙe sambal da sauran hannun, ba lanƙwasa sama ko ƙasa.

Akwai kuma kwaɓewa da tafi, irin ta Kawu, wadda ƴan damben zamani ma suke yi. Ita ce mafi ƙanƙanta kuma mafi sauri. Naushi ya taho, sai ka ɗan mare shi ta gefe da tafin hannun da ke ɓangarensa, kanka ya goce kishiyar inda ka tura shi, ɗayan hannunka ya riga ya tafi. Wata yarinya a cikin ɗalibaina, ba ta kai kafaɗar yawancin samarin ba, da wannan take gagarar su. Ran nan wani ya ce mata, "Yaya, ke ba a taɓa ki ne?" Ta ce masa ai shi ke gaya mata da kafaɗarsa tun kafin ya kawo. Ƙarfi kaɗan take sawa, lokaci ne ta iya.

Yadda za ka yi horon kuwa, sai da abokin da ka yarda da shi, mai jin "tsaya". Ku auna tazara tukuna: ya miƙa hannu, dunƙulensa ya taɓa rigarka. In naushinsa ba ya isa gare ka ko ba ka tare ba, wasa kuke yi, kuma jikinka ƙarya yake koyo. Ya faɗi inda zai kawo, fuska ko ƙirji, ya tako sau 5 yana kawowa, kai kana ja kana tarewa, a na biyar ka rama. Wannan shi ne gohon kumite. Ku yi a hankali ƙwarai, kamar masu tafiya cikin ruwa, sau 20 kowane hannu, sannan ku canza. Bayan mako biyu ko uku ku koma taki ɗaya, tarewa da ramuwa a haɗe. Sai hannu ya daina tunani kafin ku shiga mataki na gaba, inda ba ya faɗin inda zai kawo ko yaushe. Kuma ka nemi bahago ka yi da shi ko sau ɗaya a mako, don komai nasa a juye yake zuwa, soto uke ɗinka ta hagu sai ta jefa ka cikin hannuwansa maimakon wajensa.

Abu ɗaya ne ba na koyarwa, kuma ina roƙon ka kada ka yarda da mai cewa zai koya maka shi a wata guda: tare wuƙa, adda ko gora da hannu. Mun san abin da faɗan ƴan fale, wato gungun samarin unguwa, ya jawo wa unguwanninmu, mun ga samari da tabo tun daga wuyan hannu har gwiwa. Wannan ƙashin na gefen ƙaramin yatsa shi gora ke karyawa in an ɗaga hannu don kare kai, adda kuwa jijiyoyi take yankewa, yatsu su daina naɗewa har abada. In ka ga ƙarfe a hannun mutum, ba shi abin da yake nema, sa babur ko teburi a tsakaninku, ka yi ihu, ka gudu.

Makonnin farko hannuwanka za su yi tabo-tabo, su yi tsami. Naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora minti 15, ko ka tsoma hannun a ruwan randa. Kada ka bi shawarar masu dukan bango ko turmi wai don ƙashi ya yi tauri, balle yara da ƙashinsu bai gama girma ba. Haɗuwar hannu da hannu a horo ta isa. In wuri ɗaya a kan ƙashi ya kumbura, yana zafi in an danna, ko ka kasa juya tafinka sama da ƙasa, je likita a ɗauki hoto kafin kowa ya ja maka hannun. Wanda kuma aka buga a kai ya yi amai, ko jiri, ko ya rikice, horonsa ya ƙare a ranar, a kai shi likita, kada a bar shi shi kaɗai. Da bazara, watan Afrilu da Mayu, sai rana ta yi sanyi sosai muke farawa, kowa da gorar ruwansa, a cire zobe da agogo, a yanke farce kafin a shiga fili.